Sunan Inna a Jerin Auta

Maman yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ki dawo mana.

Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace. Shekara goma sha biyu ina tuƙa jirgin ruwa na ceto. Duk ambaliyar da aka yi ni nake sauko da mutane daga kan rufi, har sunana ake sa wa jarirai. Yanzu kuwa a ofishinmu ba a maganar kowa sai Auta, ƙanen da na goya! Wai sabon tsari, ba a jiran ruwa ya zo. Yana zaune gaban kwamfuta yana duba ma'aunin kogi, da ya kai jan layi sai a kwashe mutane zuwa makarantar kan tudu. An ba shi motoci shida, ni ko man jirgi sai na roƙa. Wallahi abin yana ci na, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya ya sa sunan Inna a jerin waɗanda za a kwashe. Na je na ce mata kada ta motsa, in ruwa ya zo ɗanta na fari ne zai ɗauke ta.

Naki,
Dogo

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba.

Ruwa ya zo Talata da hantsi, daidai yadda Auta ya faɗa. Na tayar da jirgi, igiya ta naɗe farfela, na yi awa biyu ina kwancewa. Da na isa ɗakin Inna ruwa ya kai mini wuya. Na ɓalle ƙofa, ina laluben gado da ƙafa, ina kiranta kamar mahaukaci. Sandarta kawai na samu.

Ashe tun Lahadi Auta ya ɗauke ta cak ya sa a mota, tana ta faɗa wai na hana ta. Na same ta a makarantar, kan katifa, tana shan shayi. Auta tawul kawai ya miƙo mini. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Har yanzu in Inna ta fara sa albarka, sunansa ke riga nawa fita, kuma yana yi mini zafi. Amma gobe zan ce ya sa ni cikin masu kwasar unguwar gangare.

Don Allah kada yara su ji abin da na ce wa Inna.

Mijinki,
Dogo