Boris a Firiza

Litinin, 2 ga Yuni

'Yata Auta ta shigo da babur ɗin yau. Wurin aikinsu ne suka ba ta, dogon nan na hawan duwatsu, tsoho tukuf. Sun tura ta yi wa shanu allura can bayan tsaunuka, inda mota ba ta zuwa. Litinin mai zuwa za ta kama aiki, in ba ta je da babur ba wani za a ba wurin. Ita sai washe baki take, ni kuwa babur ɗin nake ƙare wa kallo.

Na ɗaga bayansa, na kama tayar na girgiza. Sai rawa take. Boris, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, ya mutu murus. Na ce, "Wannan ko bakin titi ba zai kai ki ba." Ta ce, "Ai shi ya sa na kawo wa babban bakanike." Daɗin baki! Tun tana ƙarama da shi take cin galaba a kaina.

Talata, 3 ga Yuni

Na sassauta kaca, na zare sandar tsakiya, na fitar da tayar. Robar da ke tare ruwa ta yage, laka ta shiga, giris ya koma ƙasa. Na doko tsofaffin boris ɗin, ɗaya a hannuna ya watse. Wanda ya hau babur ɗin nan kafin ita, Allah Ya shirye shi.

Na sayo sababbi biyu a shagon mai kayan gyara. Na ce wa Auta ba a samu ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Yau ma "ba a samu ba."

Alhamis, 5 ga Yuni

Uwarta ta ce na cika shiru kwana biyu. To me zan ce? Na tsufa a gareji, na ga yadda ake kawo baburan daji a bayan mota, a lanƙwashe, ba mai su. Tsoro nake ji, shi ke nan. Yarinyar da sai na riƙe mata sirdin keke tana ihu kada in saki. In Litinin ta wuce, a ba wani wurin, ta yi kukanta ta gama, tana dai gabana.

Juma'a, 6 ga Yuni

Asiri ya tonu, kuma ni na tona wa kaina.

Uwarta ta buɗe firiza za ta ɗauki nama, sai ga boris biyu a leda. Haka nake yi tun ina gareji: sanyi kan sa ƙarfe ya ɗan tsuke, sai ya shige gurbinsa ba gardama. Hannu ne ya saba, wallahi ban ma tuna na sa ba. Wa ya taɓa ganin ɓarawo mai ɓoye kaya a firizar matarsa?

Ta fito tsakar gida tana kaɗa ledar. "Malam, wannan dafawa za a yi ko soyawa?"

Auta ta dubi ledar, ta dube ni. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Can da la'asar ta ce, "Baba, gobe ka ara mini guduma."

Asabar, 7 ga Yuni

Na ɗauko kujera na zauna a inuwa da rediyo, wai ba ruwana. Ban ji kalma ɗaya da aka faɗa a rediyon ba.

Ta wanke cibiyar tayar da kananzir, ta goge tas, ta shanya ta a rana har ta ɗau zafi. Ta ɗauko boris daga firiza da gudu, ta ɗora, ta sa tsohon a kansa tana bugawa a hankali, a gefen waje kawai, tana zagayawa. Oho! Ashe duk zaman da take yi a gareji tana ƙarama ba biskit kaɗai take ci ba. Har harshe take cizawa in za ta buga, kamar ni. Ta juya tayar, ta sa na biyun, ya zauna daram. Ta share gumi tana satar kallona.

Sai na hango shi. Ɗan bututun ƙarfen da ke zama tsakanin boris biyun, yana kwance ƙarƙashin tsumma. Ta manta. In aka ɗaure noti babu shi, boris zai matse, ba za a yi nisa ba ya fashe.

Na yi shiru, Allah Ya gani na yi shiru. Zuciya ta ce bar ta, zai mutu mata a bayan gari, ta turo shi gida, magana ta ƙare. Sai kuma na ga a raina tayar ta cije mata a gangaren dutse, ba kowa kusa. Ban san lokacin da na tashi ba, har rediyon ya faɗi.

"Ke! Ajiye sifanar nan."

Na ɗaga tsumman. Ta dafe kai, idonta ya cika. Na ce, "Kuka na me? Babu bakaniken da bai taɓa mantawa da shi ba, sai maƙaryaci." Ta ce, "Har kai?" Na ce ban da surutu, doko boris ɗaya a sa bututun.

Wanda aka doko ba ya komawa, ya riga ya ji rauni. Ni da kaina na tafi shagon mai kayan gyara, ina sauri kamar an biyo ni, kada ya rufe. Ita ta sa sabon a firiza. Uwarta ta ce nan gaba sai mu saya wa babur firizarsa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Bututu ya shiga, boris ya shiga, roba sabuwa, giris isasshe. Ita ta yi komai, ni baki kawai na sa. Na sa ta kwance tayar ta sake ɗaurawa har sai da ta ce hannunta ya mutu. A daji ba Baba.

Tayar na juyawa shiru, sumul.

Litinin, 9 ga Yuni

Ta tafi da safe. Uwarta ta yi ta addu'a, ni na ce ta riƙa duba iskar taya.

Maƙwabcina tela ya leƙo yana girgiza kai, wai shi ba zai bar 'yarsa ta hau wannan dodon ta shiga daji ba. Kai, raina ya ɓaci! Na ce masa yarinyar da ta sa boris da hannunta, shi ko zaren kekensa in ya sarƙe sai ya kira ni. Ya ja bakinsa ya koma shago.

Ba wai na yarda da tafiyar ba ne. Ban yarda ba.

Na dai biya na ce wa mai kayan gyara ya ajiye mini boris na tayar gaba. In ta dawo ita za ta sa, ni in riƙe mata tayar.