Na Ƙona Takardar 'Yata Ina Zaton Hatimi Ce

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Ni ban yi boko ba, murya na tura aka rubuta mini. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai.

A Agege ta Legas nake zaune shekara da shekaru, 'ya'yana biyu, mace da namiji. Namijin sikila ta yi ajalinsa bara, yana da shekara ashirin da huɗu. Macen tana jami'a, karatun abin da ke cikin jini take yi. Ni kuwa mai sa ido ce, ko takalmi aka sauya wa wuri a ɗakina sai na sani.

Bayan sadakar arba'in ina gyara mata gado, sai na ga wata babbar takarda a ƙarƙashin katifa, an yi ɗigo-ɗigo an ja layi daga wannan zuwa wancan kamar saƙar gizo, wasu da jan biro, ga sunan marigayi a gefe, sunan kam na san kamannin rubutunsa a katin asibiti. Na taɓa ganin hatimin 'yan tsibbu, wallahi haka yake. Ban tambaye ta ba, na jefa a murhu. Da ta dawo na tare ta a tsakar gida gaban maƙwabta, har da Yarbawan gidan, na ce ta faɗa mini wane boka ya ba ta, ko da ran ɗan'uwanta take neman digiri.

Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce Mama, kowane ɗigo wani ɗan ƙanƙanin abu ne a cikin jini, layin yana nuna wanne ke taɓa wanne, kamar yadda hanyoyin motocin haya na danfo ke haɗuwa a tashar Oshodi, inda layuka suka fi taruwa nan ake sa ran magani zai kama. Ta ce aikin yana kwamfuta, bai salwanta ba. Amma waccan takardar marigayi ne ya ja layukan da hannunsa a gadon asibiti, tana faɗa yana ja, yana tsokanarta wai "Dakta, ki hanzarta kafin majinyacinki ya gaji." Sunan ma shi ya rubuta.

Washegari ta kwashe kayanta ta koma hostel, wata biyar ke nan. Duk Juma'a takan kira ta gaishe ni, ta tambayi ciwon ƙafata, ta ajiye waya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yayana ya ce uwa ba ta ba ɗanta haƙuri, in bari ta huce da kanta. Ni ma ban taɓa yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. In hau mota in same ta can, daga ni sai ita? Ko tunda a bainar jama'a na faɗa, sai na tara su na janye a gabansu? Maganar dai ana iya janyewa. Rubutun hannun ɗan'uwanta fa, jama'a, da me zan mayar mata?