Irin Tattasan Malam

Fakku, ran Lahadi.

Zuwa ga Yayana Jamaluddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zulaihat da yara. Ya aikin ofis, ya Tambuwal? Mu nan sai godiya. Saura kwana sha tara in fita takaba.

Yaya, ba wanga ya sa ni rubutu ba. Ka san tattasan nan na marigayi Malam, mai kauri, wanda ya gada wurin mahaifinshi, duk fadamarmu ba mai irinshi. Da nika gyaran kayanshi na iske irin ƙulle cikin tsumma, bai fi cikin cokali biyu ba. Shi kuwa da an fara yankan gero yake zuba raino, bai taɓa saɓawa ba. Ga gero an fara yanka, ni ba halin zuwa fadama, tsakar gida kuma kaji da awaki ba su barin komai. Sai na debo ƙasar turke cikin tsohuwar robar wanki, na zuba shi nan ɗakina, bakin gado. Duka na zuba, ban rage ko ƙwaya ba.

Sun fito gwanin kyau, na ƙirga sittin da ɗaya. To yanzu sun yi tsawo sun yi fari, sun karkata wajen taga, kullum da safe in iske biyar ko shida kwance, gindinsu ya tsuke kamar zare. Kai ne malamin gona, shekara nawa kana gaya ma mutanen wasu gari yadda za su yi, yau ga ƙanwarka. Ka ba Ɗangiwa mai kabu-kabu amsa.

Taka,
Hafiza

Fakku, ran Alhamis.

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida. Allah Ya sa ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Takardarka ta iso, har da faɗan da ke ciki, na kuwa karɓa. Na ƙona ƙusa na huda gindin robar, ruwan da ya zubo baƙi ne mai wari, sai da na ji kunya. Na cire waɗanda sunka faɗi, na barbaɗa busasshen yashi, da hantsi nika fitar da ita bakin ƙofa in zauna da sanda ina korar kaji. Ɗanyen taki kam ban san yana cuta ba. Malam tara nashi yake yi ya shekara, ni ina gani, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka lokacin tambaya na nan.

Saura bakwai. Ɗaya ya fidda ganye na huɗu, kuma ya yi kore. Ka taya ni addu'a, don na riga na aika a bar min kwamin Malam na bakin rijiya, inda yake dasa tattasan.

Ƙanwarka,
Hafiza

Fakku, ran Asabar.

Yaya Jamaluddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da turmin atamfar da kunka aiko, jiya na fita takaba lafiya.

Na ƙarshen ya faɗi ran Laraba. Mai ganye huɗun ne. Na tokare shi da tsinken tsintsiya, bai tashi ba. Na kakkaɓe tsumman nan har sau uku ko wata ƙwaya ta maƙale, na aika gidajen da Malam ya taɓa ba dashe, kowa ya ce ya koma irin leda na kasuwa. Shekara arba'in iri na gidansu, fari bai kashe shi ba, ambaliya ba ta kashe shi ba, sai a hannuna cikin wata ɗaya. Wallahi zuciyata ta karye, ji nike kamar yau anka fita da gawar Malam.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ka tambayi sau nawa nika ba su ruwa, na sa Ɗangiwa ya ce maka sau biyu. Ba gaskiya ba ne. Duk sanda na tuna da Malam nika tashi in zuba musu, ko bayan da ka hana ban iya bari ba. Zaman takaba kuwa ba aikin da mutum ke yi sai tunani.

Kada ka wahalar da kanka neman wani iri, na ce a ba wani kwamin. Robar tana nan bakin gado, ban zubar da ƙasar ba. Yau da safe ma sai da na kai buta bakinta kafin in tuna.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hafiza