Gangar da Muka Rufe, Ni da Dougal

Portnahaven, tsibirin Islay
Farkon Oktoba, 1994

Zuwa ga 'yata Ishbel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ni dai ina nan, gwiwa ce kawai ke yi mini rashin kunya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun nan da guduma ya saba. Tun ina yaro na bar makaranta na shiga rumfar masu haɗa gangar katako ta ajiye wiski, malamin kuma bai yi kukan rabuwa da ni ba. Waya kuwa kada ki sake bugowa gidan maƙwabta, ba na jin komai a cikinta sai ƙugi.

Katinki ya iso. Kin ce ɓarin jikin babanki ya shanye, an kai shi gidan kula da tsofaffi a Keith. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Dougal Rennie fa, wanda ke mirgina ganga cike da hannu ɗaya yana waƙa!

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san da zancen gangarmu, amma ba na jin ya ba ki labarin daidai, don shi komai sai ya ƙara masa gishiri. Shekarar da aka haife ki aka aro ni zuwa matatar wiski ta garinku, masu haɗa gangarsu sun yi ƙaranci. Rumfa ɗaya aka sa mu, tun ranar farko kuma muka fara faɗa. Ya ce wiskinmu na tsibiri toka ce da ruwan teku, ya raɗa mini suna Toka. Na ce nasu na tudu ruwan alewa ne na tsofaffin mata bayan an tashi daga coci, na raɗa masa Ɗan Zuma. Da muka gaji da musu sai muka haɗa wata 'yar ganga, ya fere rabin katakon na fere rabi. Ya kawo na matatarsu, na sa aka aiko da na tamu, muka zuba rabi da rabi, zallan na tsiron sha'ir, ba surkin na masara ko alkama. Muka buga toshiya. Muka yi alkawari ba wanda zai ɗanɗana shi kaɗai, kuma yadda ya fito daga ganga haka za mu sha shi, da cikakken ƙarfinsa, mu ga na wa ya danne na wa. Na taho da gangar nan, tana kwance a siton bakin teku. Kowace shekara sai mu ce baɗi.

Baɗin ta ƙare, 'yata. Zan sa a ɗebo mini kwalba guda, in hau jirgin fito in zo. Ki gaya masa Toka na nan tafe.

Allah ya ba shi sauƙi. Ki gaishe mini da kowa.

Babanki na tsibiri,
Torquil Beaton

*

Keith
Tsakiyar Oktoba

Baba Torquil,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Na gode da wasiƙarka. Na karanta masa, ya motsa rabin bakinsa, ina jin dariya ce.

Amma dole in faɗa maka abin da ban sa a kati ba. Baba ba ya iya haɗiya. Ko ruwa sai an zuba masa wani gari ya yi kauri kamar kunu, a ba shi da cokali. In abu mai ruwa-ruwa ya sarƙe shi, huhunsa yake gangarawa. Shayi kawai ya kwantar da shi a asibiti watan jiya, likita ya ce in aka sake ba lallai ya tashi ba. Magana ma ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, a'a. Kana jin sanyi? A'a. Ka gane ni? A'a.

Na san abin da gangar nan take a wurinku, don haka na yi magana da Misis Geddes, babbar nas ɗin gidan. Ta yarda a zuba ƙaramin cokali ɗaya na wiskin a rabin kofin ruwa, a kaɗa da garin, a ba shi a gabanta. Ni a ganina ta kyauta. In ka amince, ka zo, ɗakin baya na nan a gyare.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Ishbel

*

Portnahaven
Ƙarshen Oktoba

Ishbel 'yar Dougal,

Ina gaishe ki, don an koya mini gaisuwa ko ina fushi.

Kunu! Fiye da shekara talatin abin nan yana kwance cikin katakon da muka fere, yana shaƙar iskar teku, yana raguwa a hankali, sai a ƙarshe wata mata mai agogo a ƙirji ta dama shi da gari? Ki tambayi babanki. Kalmar da ta rage masa ita ce amsar.

Ki saurara, ba gardamar tsufa ba ce kawai. Wanda ake sayarwa a kanti an riga an sassauta shi da ruwa, an tace shi, an yi masa kwalliya, don ya yi wa kowa daɗi. Na ganga bai san kowa ba. Abin da shekaru suka yi masa shi zai gaya maka, ko ka so ko ka ƙi. In an narkar da cokali ɗaya a rabin kofi, ba ni a ciki, ba Dougal a ciki. Gara a ba shi ruwan wankin kwano a ce masa ga gangarku.

Jiya na je sito. Sorley mai kula da wurin ya buge toshiyar, ya zura bututu ya ɗebo. Ya fito ja-ja kamar tsohuwar tagulla, yana bin jikin kwalba a hankali kamar mai. Sorley ya haɗiye yawu ya ce, "Tsoho, a ɗan jiƙa harshe mana, a ga ko ganga ba ta cuce ku ba."

Na ce, "Harshenka ya jiƙu tun da safe, daga bakin ƙofa na ji."

Ya ce, "To kai ka kurɓa, wa zai gaya wa mutumin Keith?"

Na ce, "Ni zan gaya masa, shi ne matsalar."

Na toshe hancina da hankici har ya rufe kwalbar, yana ta dariya. Ko ƙamshin ban yarda na riga Dougal ji ba.

Ina nan zuwa, kuma ba da kunu ba. Mutumin da ya yi aiki da wuta da ƙarfe duk rayuwarsa bai cancanci a sallame shi da cokali ba.

Allah ya kiyaye ki. Ki shafa mini kan yara.

Torquil

*

Keith
Farkon Nuwamba

Baba Torquil,

Ina gaisuwa.

Kai kana tsibiri kana tuna Dougal mai waƙa. Ni ce nake riƙe da kansa in tari ya sarƙe shi har idanunsa su firfito. Ni ce nake goge masa haɓa. Kana da abokai da yawa a maƙabarta, ka faɗa da bakinka. Ni uba ɗaya gare ni, kuma ba zan ba da shi don a raba musun wiski ba.

Na gaya wa Misis Geddes kada a bar ka ka shiga da kwalba. In ka zo hannu sake, marhabin. Ka yafe mini in na yi tsauri, a gabanka na girma.

Ka zauna lafiya.

Ishbel

*

A cikin jirgin fito, hanyar gida
Tsakiyar Nuwamba

'Yata Ishbel,

Gaisuwa da fatan alheri. Jirgin na rawa, rubutun zai fi na da muni. Na san Misis Geddes ta riga ni ba ki labari, to ga nawa, ki haɗa ki auna.

Da gangan na zo ranar Talata da hantsi, na san kina wurin aiki. Matar na bakin ƙofa kamar sojan gadi. Ta ce, "Kai ne Mista Beaton? Miƙo." Na miƙa mata kwalbar ba musu, har ta yi mamaki. Abin da ba ta sani ba, masu haɗa ganga na zamaninmu kowa na da ɗan bututun tagulla mai murfi da yake ratayawa da igiya cikin ƙafar wando. Nawa na nan tun ina saurayi, kuma na sa an cika mini shi daga gangar kafin in taso. Ta ga ina ɗingishi ta ce, "Ayya, gwiwa ce?" Na ce, "Ita ce, 'yar nan."

Na same shi a kujera bakin taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Na ce, "Ɗan Zuma, haka ka koma? Wa ya yi maka wannan aski?" Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a'a, hawaye na bin ɓarin da ya mutu.

Na tura ƙofa, na zaro bututun, na zuba a ɗan kofin azurfa mai kunne biyu da ya ba ni ranar aurena. Niyyata in kai masa baki, ba zan ɓoye miki ba. Ya miƙo hannun da ke aiki. Sai yawunsa ya sarƙe shi. Yawunsa fa, Ishbel, ba komai ba. Ya yi ta tari, ina riƙe da kafaɗarsa, ina jin ƙasusuwa a inda na san nama. Ban ce kin yi gaskiya ba. Cewa na yi na gani.

Amma kunu dai ba zan ba shi ba. Na tuna yadda manyanmu ke gwada ganga a sito in ba kofi kusa. Na kama hannunsa mai lafiya, na ɗiga masa a tafi, na ɗora nawa a kai na murza har zafin ya tashi ya bushe. Na ɗaga hannun da ya mutu na haɗa masa su biyu, na kai hancinsa. Ni ma na yi wa nawa haka, muka shaƙa tare.

Ya rufe ido. Na rantse miki ƙirjinsa ya buɗe kamar na mai shirin ɗaga kaya. Hayaƙin baƙar ƙasar fadamarmu da muke ƙonawa mu busar da sha'ir ne ya fara zuwa, da igiyar jirgi mai kwalta, da gishirin da ke kama jikin sito. A bayansa sai ga busasshen inabi da ɓawon lemu, da tuffa da aka gasa, da ƙamshin rumfarmu ranar da ake babbaka cikin ganga.

Na ce, "Ka ji? Nawa ne a gaba."

Ya ce, "A'a."

Ya buɗe ido ya tura kofin wajena da bayan hannu. Na ce, "Ba haka muka yi ba." Ya sake turowa har ya kusa zubewa, yana harara ta irin hararar da yake yi wa sabon ma'aikaci. To, na kurɓa kaɗan, na riƙe a baki ina juyawa, yana kallon maƙogwarona.

Na ce, "Da farko cizo yake kamar barkono, har dasashi. Bai tsufa ya yi laushi ba, irinmu ne."

Ya ɗaga gira, wai ci gaba.

"Yanzu hayaƙi ya cika baki. Toka, in ji ka. Ga gishiri a gefen harshe. Na ci ka, Dougal."

"A'a."

Na haɗiye. Ya sauka da ɗumi har ciki. Shi kuma ya ƙi ɗauke ido daga kaina, don ya san abin da ke zuwa. Hayaƙin ya janye a hankali, sai wani zaƙi ya taso daga ƙasa, mai kauri, kamar zuman da ya kama gindin tukunya, ya zauna ya ƙi tafiya. Har yanzu da nake rubutun nan ina jin alamarsa.

Na ce, "To, naka ne a ƙarshe. Amma don nawa ya share masa hanya ne, munafuki."

Ya dinga dukan hannun kujera yana wani sauti kamar dariya. A nan Misis Geddes ta faɗo ɗakin, hanci a sama. Ta ce, "Me ka ba shi?"

Na ce, "Ki duba bakinsa."

Ta duba, ta shinshina, ta ga a bushe. Ta ce, "Ina ka ɓoye shi? Na karɓi kwalba!"

Na ce, "Wurin da mace mai mutunci ba ta lalubawa."

Ta ce, "Fita, tsohon banza, kada in sake ganin ƙafarka a nan, mai ɗingishin da marar ɗingishin."

Na fita, amma da kaina a sama. Ko ɗigo bai shiga maƙogwaronsa ba, ko ɗigon ruwa kuma bai shiga wiskinmu ba. Ban nemi gafarar matar ba, ke ma ba zan nemi taki ba, sai dai na ɓata miki rai kuma ban ji daɗin haka ba. Kwalbar na hannunta, ki karɓa ki ajiye, kada su yi miyar Kirsimeti da ita.

Allah ya yi miki albarka. Kina riƙon ubanki da kyau, na gani da idona.

Babanki,
Torquil

*

Keith
Ƙarshen Nuwamba

Baba Torquil,

Ina gaishe ka. Har yanzu ina fushi, ka sani.

Tun ranar Baba ya dunƙule hannun damansa da ka murza masa wiskin, ya hana a wanke. Duk nas ɗin da ta zo da soso sai ya cusa shi ƙarƙashin hammata. Sun haɗu su biyu sun kasa buɗewa. Ƙamshin ya daɗe da tafiya, amma yana nan yana kai hannun hanci.

Misis Geddes ta ce ba za ta zauna da hannu mai datti a gidanta ba, kuma ta lura mutum ɗaya ne zai iya sa shi ya buɗe. Ta ce ka dawo. A tafin hannu kawai za ka ɗiga masa, a gabanta, kuma ka shigo da wandonka a naɗe zuwa gwiwa.

Kwalbar na wurina. Ɗakin baya na nan. Ka zo kafin teku ta ɓaci.

'Yarka,
Ishbel