Sunana a Dunduniyar Mak

Lahadi, 4 ga Agusta

Mak, wato mahaifiyata, ta fara gudu. Bu Harti, nas ɗin asibitin unguwa, ita ta ce sukarin jininta ya yi yawa, dole ta riƙa motsa jiki. Ni ban ƙi ba, wallahi. Amma duk takalman gidan nan sai ta ɗauko tsohon baƙin kambas ɗina na makaranta. Wanda na rubuta NINGRUM 9B a dunduniyarsa da farin ruwan goge rubutu, manya-manya, don kada ya ɓace mini a ƙofar masallacin makaranta, inda na kowa baƙi ne iri ɗaya.

Shi ta saka ta tafi filin tsakiyar gari, da safiyar Lahadi, lokacin da ake rufe titi kowa ya fito. Da doguwar rigarta mai furanni. Tana gudu tana haki, sunana yana bin ta a baya.

Ban je ba. Hotonta ne ya iso mini a waya.

Litinin, 5 ga Agusta

Galuh, wadda ke zama a bayana, ita ce kan gaba a 'yan gudun makaranta. Ta taɓa ni da biro: "Ningrum, jiya takalminki ya wuce mu. Ashe kin iya gudu, sai dai kin ƙara jiki." Aji ya kwashe da dariya. Har da ni. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata ta tambaya wace ce matar. Na ce mun ba da takalmin sadaka.

Na rubuta a nan ne don in gani da idona. Na ce mun ba da shi sadaka.

Laraba, 7 ga Agusta

Na kankare rubutun da wuƙa. Farin ya fita, amma shatin haruffan yana nan, ana karantawa daga nesa.

Sai na ce wa Mak malamin wasanni ya ce takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana lalata gwiwa. Malamin bai faɗa ba, a waya na karanta. Gaskiya ne dai, amma ba don gwiwarta na faɗa ba. Tana juya tempe, wainar waken soya da take sayarwa, a kasko ta dube ni ta ce, "Ashe 'yar bokon nan tana tunanina." Ta ba ni wanda ya fi soyuwa. 

Asabar, 10 ga Agusta

Mun je shagon Pak Karso mai takalma a kasuwa da sassafe, kafin Mak ta kunna wuta. Ni na zaɓa. Fari, siriri, da layi ruwan hoda, kusan irin na Galuh. Lamba 38, tunda tsohon nawa ma 38 ne. Ban tuna shekara uku na yi ina buɗa shi ba.

Mak ta sa a zaune ta ce, "Ya ɗan kama ni, Nduk." Haka take kirana, wato 'yata. Na ce sabo ne, zai saki. Pak Karso ya ce mata, "Bu Warsih, tashi ki taka mu gani. Ƙafar mai suya da safe daban, da yamma daban." Daidai nan na hango wasu 'yan ajinmu biyu a shagon jakunkuna. Na ce mun makara, a sa mana a leda.

A hanya ta rungume ledar a ƙirji kamar jariri.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ta fita da sabon takalmin. Babu wanda ya turo hoto. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Alhamis, 15 ga Agusta

Yanzu har bayan la'asar tana fita, in ta sauke kasko. Zagaye uku na filin. Tana dawowa ta goge takalmin da tsumma, ta gaya wa duk wanda ya zo sayen tempe cewa 'yarta ce ta zaɓa. Na tambaye ta ko ya saki. Ta ce, "Ko jin sa ba na yi."

Jarrabawar lissafi gobe.

Talata, 20 ga Agusta

Ni ke da wanki yau. Safar Mak ta dama ta manne da kanta, na ɓamɓare ta, jini ne da wani abu rawaya, ga wari. Na je na same ta tana tsaye a bakin kasko na ce ta nuna mini ƙafarta. Ta ce, "Yau kuma likita kika zama?" Ta ɗaga tana dariya.

Gefen ɗan ƙaramin yatsan ya buɗe. Fatar ta yi fari kewaye, tsakiya ja, har ya kumbura. Ta leƙa ta ce, "Af, yaushe wannan ya fito?" Ba wasa take ba. Ba ta sani ba.

Laraba, 21 ga Agusta

Ban je makaranta ba. Asibiti.

Bu Harti ta wanke ciwon, Mak ko motsi. Ta taɓa mata tafin ƙafa da wani siririn zare ta ce ta rufe ido ta faɗi inda ta ji. Wuri goma, huɗu kawai ta ji. Ashe ciwon sukari yana kashe jin ƙafa. Ashe "ko jin sa ba na yi" ɗin nan...

Bu Harti ta ce irin wannan ɗan bororon ne ke kai mutum ga rasa yatsa, wani lokaci har ƙafa. Ta juya takalmin a hannunta ta ce, "Wane ne ya cusa ƙafar nan cikin wannan kwalba?"

Na buɗe baki. Mak ta riga ni: "Ni ce, Bu. Kwalliya ta ja ni. Tsufa ba ya hana son kyau."

Suka yi dariya su biyu. Na ƙura wa kalandar bango ido har lambobin suka narke.

Babu gudu sai ya warke. Kuma kullum sai wani ya duba mata ƙafa, har tsakanin yatsu, tunda ita ba ta ji kuma ba ta iya leƙa ƙasan.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ciwon bai ragu ba. Bai ƙaru ba.

Talata, 27 ga Agusta

Shekarata goma sha shida ban taɓa riƙe ƙafar Mak ba sai makon nan. Faɗi gare ta, yatsun a baje, diddigen ya tsattsage, akwai tabon mai a idon sawu. Da safe in na canja bandeji tana shiga tafin hannuna biyu. Da yamma ba ta shiga. Abin da Pak Karso ya faɗa ke nan, ni kuwa ina can ina kallon shagon jakunkuna.

Yau na kusa gaya mata. Na ce, "Mak, takalmin nan..." Ta ce, "Ɗaure da kyau, Nduk, mai ya yi zafi."

Asabar, 14 ga Satumba

Ciwon ya rufe. Bu Harti ta ce a fara da tafiya, sai ɗan gudu kaɗan-kaɗan.

Mun koma wurin Pak Karso ƙarfe biyar na yamma, bayan ta wuni a tsaye, da safar da za ta riƙa sawa. Ya sa ta taka kwali ya zana ƙafafun biyu. Ta dama ta fi girma, da ita aka auna. Na danna babban yatsana a gaban takalmin kamar yadda ya nuna mini, sai an sami wurin yatsa ɗaya. Na zura hannu ciki ina laluben ɗinki, saboda ita ba za ta ji ba. Na sa ta zagaya shagon sau huɗu. Ya ce, "Yau ba ku makara ba?" 

Takalman mata duk sun yi mata siriri. Wanda ya dace na maza ne, lamba 40, mai faɗin baki, ruwan lemo mai kashe ido. Mak ta ce, "In na ɓata a gari ba sai an yi cigiya ba."

Muni gare shi. Ni na ce a ba mu shi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na bi ta filin. Dole ce ta sa, wani ya lura ko tana ɗingishi.

Rabin zagaye lafiya. Sai ga su Galuh a gindin babbar bishiya suna miƙa ƙafafu, su bakwai ko takwas. Kafin in yi tunanin komai, Mak ta rage gudu. Ta koma bayana, taku uku, taku biyar, ta juya fuskarta wajen masu sayar da kunun shinkafa, kamar ba tare muke ba.

Ban san tun yaushe ta san ina gudun a gan mu tare ba. Ban san wa ya gaya mata ba, ko ma babu wanda ya gaya mata.

Na tsaya. Ina jin igiyar takalmina ce ta yi sako-sako. Na durƙusa na kwance ta na sake ɗaurewa har takalmin nan ruwan lemo ya iso kusa da hannuna.

Galuh ta ɗaga murya: "Ningrum, yau da ƙafarki kika zo?"

Na ce, "Mak ɗina na rako." Muryata ta fito 'yar ƙarama, sai da na sake faɗa.

Galuh ta dube ta, ta dube ni, ta ɗan rusuna ta gaishe ta. Ban san me za a ce gobe a aji ba.

Zagaye biyu muka yi. Da muka dawo na duba, babu ja ko ɗaya, har tsakanin yatsu. Ina shafa mata mai a diddige ta ce, "Gudunki irin na agwagwa ne, Nduk."

Na daɗe ina shafawa. Diddigen ne ya bushe da yawa.