Tsuntsu Biyu Kowane Gida

Asabar, 4 ga Mayu

Yaya ya kawo Baba yau. Akwati ɗaya, sanda, ledar magunguna, da keji uku. A waya cewa ya yi "da 'yan tsuntsayensa". Kanari shida ne. Yaya ba ya iya lissafi in kayan wani zai sauke wa.

Na ba Baba ƙaramin ɗaki mai taga a kan baranda. Nawa yana can ƙarshen gidan, kuma ina aiki da takardun kotu, ina bukatar shiru. Dalili ne mai kyau. Na maimaita wa kaina.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ce uffan ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa mutane tuƙi, bakinsa bai taɓa hutawa ba, ko a gida "taka burki" yake ce mana in muna gudu. Yanzu sai ido. Bai yarda ya zauna ba sai da aka jera kejin a inda zai gan su.

Talata, 7 ga Mayu

Maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa. Sista. Aikin dare take yi a asibiti, ta dawo gari na wayewa, ta kwanta. Bango ɗaya ne tsakanin gadonta da ɗakin Baba, tagoginsu kuma suna kallon juna.

Ta gaishe ni, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce, "Barista, ba faɗa na zo ba. Barci na zo roƙo."

Na ce ni ban ji komai ba. Gaskiya na faɗa. Bayan asuba nakan toshe kunne da auduga, in kunna fanka, in koma. Ban ga dalilin ba ta wannan bayanin ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Sista ta kai ƙara. Ciyaman na kwamitin masu haya ya zo da yamma, ya saka hular da yake sakawa in zai yi magana a madadin jama'a. Ya tuna min dokar benen nan: tsuntsu biyu kowane gida. In kuma an yi ƙorafin hayaniya, taro ya tabbatar, to ko ɗaya babu. Taron ƙarshen wata ne.

Ya ce ai ni ba sai an koya min doka ba. Ya ji daɗin faɗin wannan ƙwarai.

Da ya tafi na gwada ɗaga keji ɗaya, don in ga. Baba ya cafke min wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Ban san da sauran wannan ƙarfin a jikinsa ba.

Ba na son tsuntsayen nan. Suna watsa ɓawon tsaba ko'ina, suna kallon mutum da ido ɗaya kamar alƙali. Amma ba wanda zai raba shi da su. Ba a gidana ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Dokar ta ce kowane gida. Ba ta ce na waye ba.

Tela da ke ƙasa ya karɓi biyu, Malama ta saman bene ta karɓi biyu, abincinsu a kaina. Biyu a nan. Duka shida suna ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma babu wanda ya taka doka. Ba a banza na yi jami'a ba.

Na zauna na yi wa Baba bayani dalla-dalla, kamar yadda nake wa wanda nake karewa. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya juya fuskarsa bango. Waɗanda nake karewa ma haka suke yi wani lokaci.

Laraba, 15 ga Mayu

Ashe kanari in yana jin ɗan'uwansa bai gan shi ba, ƙara buɗe maƙogwaro yake. Na sama su kira, na ƙasa su amsa, namu a tsakiya suna kai saƙo. Ramin matakala kuma ya zame musu lasifika.

Tela ya tare ni a ƙofar shiga, almakashi a hannu, yana dariya. Wai a da rediyo ɗaya ce a benen, yanzu Barista ta buɗe musu tasha uku, kuma babu mai wurin kashewa.

Na yi dariyar da ta kamata. Ciyaman ya wuce mu, yana tara hujja.

Juma'a, 17 ga Mayu

Goggo, da ke wuni da Baba in na tafi aiki, ta ce rabin abincinsa yake bari.

Litinin, 20 ga Mayu

Na haɗu da Sista a matakala, tana hawa ina sauka. Idonta ja wur. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga, da na san abin yi. Ta ce jiya sai da ta kira abokiyar aikinta ta karanta mata sunan magani, don haruffan rawa suke a idonta. Ta ce ranar da za ta ba yaron wani abin da ba nasa ba, ba kwamiti ne zai zauna a kanta ba.



Sai ta ce ai ba dukkansu ba ne. Guda ɗaya ne, mai dasasshiyar murya, shi ke fara tashin sauran, kuma tun da aka raba su ya ƙara haukacewa. Daga ɗakin Baba yake. In na cire wannan, za ta haƙura da sauran.

To. Mai laifi ɗaya, waɗanda ake tuhuma biyu. Wannan aikina ne.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na kai ɗaya daga cikin namu, mai ƙiba, wurin Tela, na musanyo wani. Washegari Sista ta ce mai dasasshiyar muryar yana nan. Na musanya ɗayan ma. Yana nan.

Baba yana bin hannuna da ido duk lokacin da na taɓa keji. Ya daina cafke ni. Na fi son lokacin da yake cafkewa.

Asabar, 25 ga Mayu

Yau bayan asuba ban saka auduga ba. Na tsaya a bakin ƙofarsa, na tura ta kaɗan.

Yana zaune a bakin gado, ya ja jikinsa har jikin taga, ban san ta yaya ba. Tsuntsayen biyu shiru, sun kumbura a kan sandarsu. Sai na ga ya tattara leɓensa, ɓangaren da ke masa biyayya, ya hura. Iska ce ta fara fita. Ya sake. Yawu ya zubo masa a haɓa, bai damu ba. A karo na gaba fito ya fito, karkatacce, dasasshe, mummuna ƙwarai. Namu suka ɗauka. Ya dakata, ya karkatar da kai. Na ƙasa suka amsa. Ya sake yi, da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi, bai daina ba sai da na sama suka amsa su ma.

Kiran suna yake yi. Kullum. Ni kuma ina can da auduga, ina alfahari da dabarata.

Abin da ya fara zuwa min a rai, in faɗi gaskiya: dokar ba ta ce komai a kan fiton tsoho ba. Babu tsuntsu mai laifi, ƙara ta faɗi, in tashi a taro in kayar da Ciyaman da hularsa a jimla uku. Har na tsara jimlolin.

Na koma ɗaki na zauna. Fankar tana ta juyawa.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ni na ƙwanƙwasa mata yau. Na jira har la'asar, kada a ce.

Na ce na gano tsuntsun. Na faɗa mata. Ta daɗe tana riƙe da ƙofa.

"Baba da kansa? Da wane ɓangaren bakin?"

Na nuna mata a fuskata. Ta sa na maimaita yadda ya yi, ni lauya, a tsaye a ƙofar mutane ina murguɗa baki. Ba ta yi dariya ba, sai daga baya.

Ta ce kar in kuskura in hana shi, kuma in gaya wa likitansa. Sannan ta ce, "Amma Barista, ni ma fa sai na yi barci. Wannan bai canza ba."

Na ce na sani. Na ce akwai wani ɗaki a ƙarshen gidan, tagarsa tana kallon bayan bene, bango uku tsakaninsa da gadonta. Ta tambaya me ya sa ba a sa shi can ba tun farko. Na ce akwai takardu a ciki.

Ta ce, "Ayya. Takardu."

Talata, 28 ga Mayu

Mun yi ƙaura, ni da Goggo da Tela. Bayana kamar ba nawa ba. Teburina bai shiga ƙaramin ɗakin ba, yana falo, Goggo har ta ɗora masa fulas.

Juma'a, 31 ga Mayu

Taro. Sista ta ce a jingine ƙorafinta, a gwada wata guda a gani. Ciyaman ya zo da jawabi, bai sami inda zai ajiye shi ba, sai ya karanta mana rabinsa duk da haka. Doka tana nan yadda take: biyu. Na nemi a dawo wa Baba da huɗun saboda lalura, aka ƙi. Wai in an buɗe ƙofa gobe wani zai kawo jimina.

Jimlolina uku suna nan, ban taɓa su ba. Sun yi kyau, kaico.

Lahadi, 2 ga Yuni

Daga sabon ɗakin, tsuntsayen ƙasa ba sa jin fitonsa sosai. Jiya ya kira, ba su amsa ba. Yau na fito na tarar da shi a bakin ƙofar gida da sandarsa, yana kallon matakala kamar abokin gaba. Wata nawa mai yi masa gashin ƙashi yana lallashinsa ya taka ko'ina, ya ƙi.

Mun sauka. Ya ɗauke mu lokacin da zai kai mutum kasuwa ya dawo. A tsakiya na yi sauri, ya matse min hannu, ya buɗe baki. Abin da ya fito bai kai kalma ba. Ni dai na san me yake nufi, na taka burki.

Tela ya kashe keken ɗinkinsa ya ba shi kujera.

Alhamis, 13 ga Yuni

Sista tana minshari. Bango ɗaya, ina jin komai. Da ni mai kai ƙara ce, da Ciyaman ya sami wurin sauke ragowar jawabinsa.

Har yanzu ba na son tsuntsayen. Ɗaya ya tsage min yatsa jiya ina canza masa ruwa a wurin Tela, wanda na fara tuhuma, mai ƙibar. Yana da hujja.

Daga nan ba a jin ɗakin Baba sai an bar ƙofa a buɗe. Ina barin ta a buɗe. Ɗakin ƙarami ne, akwai zafi.

Yau Baba ya makara da fiton. Na kwanta ina kallon silin, ba wai jira nake ba. Da ya fara, na tashi na ɗora ruwan shayi.

Goggo ta tambaya ko ina da auduga, za ta goge masa kunne. Na ba ta ledar gaba ɗaya.