Tanar da Ka Ƙi Bari Ta Kwanta

Zuwa ga yayana kuma abokina, marigayi Ya Kyari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya san ba za a amsa masa ba, amma bakinsa ya riga ya saba. Ina fata kabarinka ya yalwata, rahamar Allah tana sauka gare ka safe da yamma. Mu nan Diffa lafiya lau muke, sai godiya. Ruwan Komadugu ya iso makonni uku da suka wuce, bana ma da ƙarfinsa. Shi ne ruwa na biyu da ya zo bai tarar da kai ba. Jiya na je bakinsa na zauna, na dawo gida da magana cike da ciki, ban sami wanda zan faɗa wa ba sai kai.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa, farkon shekarun casa'in? Watana biyu ke nan da aka kawo ni daga Damagaram in koyar a lakwal. Ban san kowa ba, ban jin ko gaisuwa da Barbarci. In an tashi aiki ranar Asabar sai in ɗauki fatsata, ƴar gora da zare da ƙugiya, in tafi bakin kogi. In soka tana, in ɗaura dalma, in jefa, in kafa gorar cikin laka, in koma gefe ina gyaran takardun ɗalibai. Haka mahaifina ya koya mini a tafkin garinmu.

Ka taso daga lambun tattasanka don ka duba tiyon injin ban ruwa. Ka daɗe tsaye a kaina kana kallon gorar, sannan ka ce da Hausarka mai nauyin Barbarci: "Mushe, wannan kamun kifi ne ko gadin ruwa?"

Na ji haushi, ban ɓoye ba. Kai kuwa ka koma lambu ka ɗauko taka fatsar. Ka jefa can sama inda ruwa ke gangarowa, ka riƙa jan zaren kaɗan kaɗan da ɗan fizga, kana takawa a bakin gaɓa kamar mai rakiyar baƙo. Kafin in gama gyaran takarda biyar ka fitar da ƙarfasa biyu. Ka ajiye mini su kan ciyawa, ka ce in kai gida tun da ni baƙo ne.

Daga ranar muka fara gardamar da ta ci mana shekara goma sha huɗu.

Kai kana cewa tanar da ba ta motsi matacciya ce, kuma babu kifin kirki da ke neman mushe. Sai ka kalle ni ka ce ba da ni kake ba, ka yi ta dariya, don Mushe da ake kiran malamin lakwal da shi a nan, da mushe na gawar dabba a Hausa, ɗaya ne a bakinka. Ni kuma ina cewa tarwaɗa da ƙamshi take neman abinci a ƙasan ruwa, mai yawan fizga korar ta yake yi. Gaskiyar ita ce, lokacin sanyi, in ruwa na gudu ya yi garau, kai ke cika buhu ni in koma da kurungu biyu. In zafi ya shigo kogi ya yanke ya zama kududdufai masu laka, tarwaɗa tawa ce, kai sai ka yi ta zirga-zirga har ƙafarka ta gaji. Mun san haka mu duka, amma ba wanda ya taɓa furtawa. In muka kai ƙara wurin matarka Ya Falmata, sai ta karɓi kifin ta ce ita aikinta suya ne, ba shari'a ba.

A bakin ruwan nan na koyi Barbarcin da nake ji yau. A nan ka ba ni shawara lokacin da aka so mayar da ni yamma na rasa abin yi. Kai ka tsaya mini a matsayin yaya ranar sunan ɗiyata ta fari, dangina suna nesa.

Sai shekarar da ka faɗi a lambu ana tsakiyar tsinkar tattasai. Likita ya ce hawan jini ne. Aka dawo da kai gida ɓarin jikinka na dama ya shanye, harshenka ya yi nauyi. Kai da ba ka iya zaman minti biyar wuri guda, aka kwantar da kai kan tabarma.

A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba. Makonnin farko na riƙa zuwa kullum. Daga baya na fara ragewa, har na yi kwana arba'in ban taka gidanka ba. Na ce wa iyalina aikin jarrabawa ne ya riƙe ni. Ƙarya ne, Ya Kyari. Ganinka ne ban iya jurewa ba. In ka buɗe baki kana neman kalma ta ƙi fitowa, sai in rasa inda zan sa idona. Na bi sauƙin kaina na bar ka da bango.

Ya Falmata ce ta zo har ƙofar lakwal da rana tsaka, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi: "Mushe, abokinka ya daina cin abinci. Jiya ya ce in ba da fatsarsa sadaka."

Asabar ɗin na nemo amalanken jaki wurin maƙwabcinku. Da na shigo ka juya fuska, ba ka amsa sallamata ba. Ban nemi izninka ba, ni da ƙanenka muka ɗauke ka muka ɗora.

A bakin ruwa na jingine ka jikin goruba, na soka maka tana, na jefa, na kafa gorarka cikin laka kusa da tawa. A zuciyata alheri nake yi. Na ce yanzu ga kamun kifin da ya dace da mai hannu ɗaya, ba sai ka wahala ba. Da na waiwayo sai na ga hawaye na bin kuncinka. Ka miƙa hannun hagu, ka yi ta kokawa da gorar har ka tumɓuke ta daga lakar, ka riƙe ta tana rawa. A lokacin na gane abin da na yi. Tamkar ce maka na yi ka gama, ka zauna ka jira kamar matacciyar tana.

Ranar ba mu kama komai ba. Asabar ta biyu ma haka. Hannun hagu bai san aikin ba, yakan fizga da ƙarfi tanar ta zame. Amma Ya Falmata ta ce ka sha kunu, ka kuma tambaya ko yau wace rana ce.

A ta uku ka tura mini gorar da gwiwa. Da ƙyar maganar ta fito, sai da ka maimaita: "Kai hannu. Ni kai."

Na tashi tsaye na jefa inda ka nuna da haɓa. Kana cewa ja, ina ja. Kana cewa saki, ina saki. Ina ta yin abin da na shekara goma sha huɗu ina yi wa dariya, kuma ina yin sa a karkace, kana tsaki. Can ka ce tsaya. Na tsaya. Zaren ya yi laƙwas, tanar ta fara nutsewa a hankali. Na ƙirga numfashi uku, sai na ji an fizge gorar kamar za a raba ni da ita. Giwan ruwa ne, tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa. Ba shi ne mafi girma da aka taɓa fitarwa a wurin ba, amma da na ɗora maka shi a cinya ka yi dariya da rabin bakinka har tari ya sarƙe ka.

Da ka huta ka jawo hannun rigata, ka ce a hankali: "A tsayawar yake kamawa. Kullum. Kada ka faɗa wa kowa."

Wato tun farko ka san motsin kiran kifi kawai yake yi, sai an bar tanar ta yi shiru yake ɗauka. Ka sani, ka bar ni ina ta kumfar baki duk shekarun nan. Na so in yi murnar cin gardama, sai na tuna da ban motsa ta ba, da kifin bai zo ba balle ya kama. Muka yi ta kallon ruwa har aka kira la'asar daga ƙetare.

Ruwa biyu muka ƙara gani tare a haka, ni a tsaye kai a jingine. Ba ka sake tafiya da ƙafarka ba, amma ka koma cin abinci, ka koma faɗa da ƴaƴanka kan yadda suke ban ruwa. Allah Ya karɓe ka cikin bazara, kogi duk yashi ne, mutane na ratsa shi da ƙafa don zuwa jana'izarka.

Ya Falmata na nan lafiya, ƙafa ce kawai ke ɗan damunta. Lambun bai mutu ba, babban ɗanka ya riƙe shi da kyau, har ya ƙara fili ta wajen hanyar Shetimari. Ni kuma saura shekara guda in ajiye alli. Dangi suna ta cewa in koma Damagaram, na ce musu ina nan.

Abu biyu nake roƙon ka yafe mini. Na farko, ga shi na tona asirin da ka ce in riƙe, kuma a gaban duk mai karanta wannan takarda. Wannan na san dariya za ka yi. Na biyun shi ne kwana arba'in ɗin nan. Ba ka taɓa tambayata inda na shiga ba, ko sau ɗaya, ni kuma na fake da shirunka ban nemi gafara ba har ka tafi. Yau na nema.

Allah Ya jiƙanka, Ya Kyari. Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya mayar maka da hannunka da ƙafarka da harshenka a gidan da ba a ciwo, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ya albarkaci abin da ka bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ƙanenka da ka tsinta a bakin ruwa,
Mushe Salisu
Diffa